Yadda aka liƙe wa 'yata turamenta tun kafin kogo ya kama su

Akwai haƙora 4 da ke fito wa yaro yana wajen shekara 6, waɗanda ba ruwansu da famfara. Babu haƙorin da ke faɗuwa ya ba su wuri. Can ƙuryar baki suke tsirowa, bayan turmin yarinta na ƙarshe, 2 a sama 2 a ƙasa, kuma a daidai lokacin da hankalin mutanen gida ya tafi kan giɓin gaba, ana ta tsokanar yaro da wawulo. Shi ya sa iyaye da yawa ke lissafa su cikin haƙoran yarinta. In an ga ɗaya ya fara baƙi sai a ce a ƙyale shi, ai zubewa zai yi wani ya fito. Babu mai fitowa. Su ne turamen girma na farko, da su mutum zai ci tuwo har tsufansa in da rabon tsufan, kuma duk cikin baki babu haƙoran da kogo ya fi yi wa ɓarna kamarsu.

Ni ba maganar turame ce ta kai ni wurin likitan haƙori ba. 'Yata ta biyu ce, tana da shekara 6 da 'yan watanni, sababbin haƙoranta na gaba na ƙasa suka leƙo ta baya alhali na yarintar suna nan ba su faɗi ba, sai bakin ya yi layi biyu. Kakarta ta wajen uba ta ce sam ba za a zuba ido ba, 'ya mace ce, a je a cire na gaban kafin baki ya lalace. Muka je wani asibitin haƙori a nan cikin Kano. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta sa yatsa ta taɓa na yarintar, ta ce ai sun riga sun fara girgiɗi, a ba su lokaci za su faɗi da kansu, harshe kuma zai turo sababbin su dawo layi. Haka kuwa aka yi daga baya. Har na fara gyara mayafi zan miƙe, sai ta cusa ɗan madubin nan nata mai dogon mariƙi can ciki, ta jawo fitilar sama, ta ce, "Hajiya, matso ki ga wani abu."

Na leƙa. Turamen sababbi ne fil, sun fi na yarintar girma, launinsu kuma bai kai nasu fari ba. Saman kowanne ba sumul yake ba: tuddai ne da kwari, a tsakiyar kwarin kuma ga wasu siraran tsaga sun ratsa. Ta ɗora tsinin wani ƙarfe a kan tsagar ɗaya, ta ja a hankali, sai ga ɗan farin abu ya biyo tsinin. Ta ce biredin safe ne, ko da yake a gabana yarinyar ta goge baki kafin mu fito. Wasu yaran, in ji ta, tsagarsu a buɗe take ba zurfi, yawu ma kan wanke ta. Ta wannan kuwa matsattsiya ce mai zurfi, gashin buroshi ya fi ta kauri, don haka sai dai ya bi ta sama ya wuce. Abin da ya maƙale a ciki shi ne abincin ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin kowa. Su ci sukarin da ke cikinsa, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa cin farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan har ya huda. Wannan ita ce tsutsar haƙorin da muka taso muna jin labari, babu wata tsutsa mai rai da ake zarowa. Ga shi kuma haƙori sabon fitowa ɓawonsa bai gama ƙwari ba, shekarun farkon nan su ne mafi haɗari gare shi.

Shawararta ita ce a toshe tsagar tun babu kogo, da wani siririn shafe da ke shiga ciki ya daskare, saman turmin ya koma santsi, abinci ya rasa maɓoya. Likitoci silant suke ce masa. Ba allura, ba huda haƙori, ba a kankare komai. Na ce sai na shawarci maigida.

A gida aka yi ta-ta-ɓurza. Abban yara ya ce shi bai gane ba, an je don haƙoran gaba an dawo da lissafin na baya, kuma haƙorin da ba ya ciwo me za a yi masa? Ban ga laifinsa ba. Mu dai yadda muka san likitan haƙori, sai kunci ya kumbura, an yi kanumfari ya ƙi, an yi ruwan gishiri ya ƙi, an sha maganin kyamis har an gaji, sannan a je a ce masa ya cire kawai a huta. Wanda ya taso a haka, in aka ce ya biya kuɗi a taɓa lafiyayyen haƙori, dole ya yi zargin ko neman kuɗi ne. Hajiya, kakar yarinyar, kuwa tsoronta daban: kada a liƙe datti a ciki ya ruɓar da haƙorin ba a sani ba. Na ce mata, "Hajiya, ai ku kuka koya mana ba a jiran ruwa ya zubo ɗaki kafin a yi wa soro yaɓe." Ta yi dariya ta ce soro daban, bakin jikarta daban.

Don haka na zauna na bincika da kaina. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce 9 cikin kowane kogo 10 a turamen baya yake faruwa, kuma liƙin yana kare kashi 80 cikin 100 na wannan kogon a shekara 2 ta farko, ya ci gaba da kare kashi 50 har zuwa shekara 4. Ta kuma ce yara 'yan shekara 6 zuwa 11 da ba a yi wa liƙin ba suna samun kogo a turmin farko kusan ninki 3 na waɗanda aka yi wa. A can har makarantun firamare ake bi da kayan aiki a yi wa yara, musamman 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Abin kuma ba na jiya ba ne. Tun 1955 wani likita mai suna Michael Buonocore, a birnin Rochester na jihar New York, ya wallafa dabarar da ta zama tushen aikin. Ya lura cewa a masana'antu ana jiƙa ƙarfe da wani asid kafin a yi masa fenti don fentin ya kama, sai ya gwada irinsa a kan ɓawon haƙori, ya ga roba ta manne gam. A farkon shekarun 1970 aka fara sayar da liƙin a kasuwa. Da na karanta wa Abban yara wannan, bai ce ya yarda ba, ya dai tambayi nawa ne kowane haƙori. Kowa ya san ma'anar wannan tambayar a bakin magidanci.

Kuɗin da haƙori-haƙori ake lissafawa, kuma yana da kyau mutum ya tambaya tun kafin yaro ya hau kujera. A wurin da muka je bai kai na ciko ba, balle na wankin jijiyar haƙori.

Ranar aikin da safe muka je, bayan ta karya ta goge baki. Likitar ta ce gara safiya, yaro bai gaji ba, bai kuma ji yunwa ba. Kafin ta taɓa bakin sai da ta gabatar mata da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta hura mata iska a bayan hannu. Ta ba ta bututun zuƙe yawu ta riƙe, ta zuba ruwa a ɗan kofi ta ce ta shanye shi da bututun, yarinya ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Ta kunna shuɗiyar fitilar ta haska mata farce. Wannan 'yar hidimar ta ci minti kaɗan, amma a ganina ita ce rabin aikin, don yaron da ya firgita ba zai buɗe baki yadda ake so ba, kuma duk nasarar abin a kan buɗe baki da bushewar haƙori take.

Aka fara da turmin sama na dama. Ta wanke samansa da wani ƙaramin buroshi mai juyawa, ta ɗauraye. Mai taimaka mata ta cusa dunƙulen auduga tsakanin kunci da dasashi, ta saƙala bututun zuƙe yawu. Sai likitar ta ɗauko wani abu mai kama da sirinji, na ga idon yarinyar ya fito. "Kwantar da hankalinki, 'yan mata, babu tsini, duba ki gani." Shuɗin mai ne mai kauri a ciki, shi ne asid ɗin da ke sa liƙin ya kama, ta zizara shi a kan tsagar kawai. Ta ƙirga daƙiƙoƙi, bai wuce 30 ba, ta wanke shi tas da ruwa, ta busar da iska. Ta ce in leƙo. Wurin ya yi fari fat, ƙyallin ya tafi. Asid ɗin ya yi wa ɓawon 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani, a cikinsu liƙin zai kutsa ya riƙe. Daga nan ta ɗiga liƙin, fari ne ruwa-ruwa, ta ja shi da tsinin ƙarfe ya bi duk tsagar, tana fasa 'yan kumfar da suka taso. Ta kawo shuɗiyar fitilar dab da haƙorin, ta ce kada mu kalli hasken kai tsaye, mai taimakon ta kare da wani faranti ruwan lemo. Na'urar ta yi ƙara bayan kamar daƙiƙa 20. Ta sa ƙarfe ta ƙwanƙwasa, ya zama dutse, ta gwada ɓamɓarar gefensa ya ƙi. Ta goge saman da jiƙaƙƙiyar auduga. An gama ɗaya.

Na sama na hagu ma haka ya tafi lami lafiya. A na ƙasa na dama aka sha aiki, don ƙasan baki nan yawu ke taruwa, ga harshe ba ya zama wuri ɗaya. An wanke asid, an busar, wurin ya yi fari, likita ta juya za ta ɗauko liƙin ke nan sai yarinya ta kai harshe ta lashi haƙorin, wai ta ji tsami. Ni a ganina abin bai kai ya kawo ba, a sake hura iska mana a ci gaba. Likitar ta ce a'a. Yawu in ya taɓa wurin ko na daƙiƙa ɗaya ne, yana barin wani siririn yauƙi da ke toshe ramukan nan, iska ba ta cire shi. In aka ɗora liƙi a haka, yau zai yi kyau a ido, amma ba da daɗewa ba zai ɓalle, ko ya ɗaga ta gefe datti ya riƙa shiga ƙarƙashi. Ta canza auduga, ta sake shafa asid daga farko, mai taimakon ta danne harshen da madubi. A nan na gane tsoron Hajiya yana da tushe, sai dai ba liƙin ne ke jawo shi ba, aikin gaggawa ne. Duk uwar da za ta kai ɗanta, abin da zan ce ta sa wa ido ke nan: an kare haƙorin daga yawu ko ba a kare ba, kuma akwai mai taimaka wa likitan ko shi kaɗai yake fama.

Na huɗun, na ƙasa na hagu, labarinsa daban ne. Bai gama fitowa ba, wani ɗan naman dasashi ya rufe ƙarshensa ta baya, kuma kullum wurin a jiƙe yake. Liƙin roba ba zai kama a haka ba. Ko dai a jira watanni ya gama fitowa, tsagar tana buɗe, ko a sa masa wani nau'in da ake kira gilas ayonoma, wanda ke jure 'yar laima. Na zaɓi na biyun. Wannan gari ne da ruwa, mai taimakon ta kwaɓa su a kan 'yar takarda da sauri-sauri don ba ya jira. Likitar ta goge haƙorin da wani ruwa, ta ɗora kwaɓin a kan tsagar, ta lakato man Vaseline a yatsarta mai safa, ta danna saman haƙorin da ƙarfi ta riƙe na ɗan lokaci. Da ta ɗaga, kwaɓin ya shige tsagar, ta kankare rarar da ta fito ta gefe. Babu fitila, da kansa yake daskarewa. Ta ce bai kai na roba daɗewa ba, amma yana sakin sinadarin fuloraid a hankali, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori.

Wannan na danna yatsa ya tsaya mini a rai, don aiki ne da ba ya buƙatar wutar lantarki ko babbar kujera. A Tanzaniya aka faro salon yin aikin haƙori da kayan hannu da irin wannan kwaɓi, a tsakiyar shekarun 1980, ta hannun wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken, saboda wuraren da babu wuta babu injin huda haƙori. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilas ayonoma cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ke nan abu ne da za a iya yi a aji, yaro na kwance a kan benci. Ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗan birni mai kuɗin asibiti ne zai same shi ba, alhali yaran firamarenmu kullum da alawa da iloka da tuwon madara a aljihu.

A ƙarshe ta sa wata siririyar shuɗiyar takarda tsakanin haƙoran ta ce ta ciza ta tauna. Inda liƙin ya yi tudu sai launin ya fito a kai, ta ɗan rage wuri ɗaya. Yarinya ta sauko tana motsa baki, ta ce, "Umma, kamar akwai abu a haƙorina." Likita ta ce cikin 'yan kwanaki za ta daina ji, tauna ce za ta daidaita shi. Saboda na huɗun nan aka ce ta yi awa 1 ba ta ci komai ba. Da na roba ne kaɗai, ko a ƙofar asibiti za ta iya cin abinci. Da azahar ta ci shinkafa da wake ba wani ƙorafi.

Kafin mu fito ta ja mini kunne a kan abin da liƙin ba ya yi. Saman turmi kaɗai yake karewa. Tsakanin haƙori da haƙori da gefen dasashi suna nan a buɗe, aikin makilin mai fuloraid ne, safe da kuma dare kafin barci. Ta nuna mini inda ake duba adadin fuloraid ɗin a jikin kwali, daga 1000 zuwa 1500 ake so, yawancin na kasuwa 1450 ake rubutawa. A matsa daidai ƙwayar wake, a goge, a tofar, kada a kurkure baki da ruwa nan take, don fuloraid ɗin ya samu zama. Wannan ta ƙarshen ta fi ba mu wuya a gida, kowa ya saba da kurkura har sau uku. Na tambaye ta asuwaki, don Hajiya ba ta yarda da buroshi ba. Ta ce asuwaki yana wanke baki sosai, a ci gaba da yi, amma shi ma ba ya shiga tsagar, kuma bai maye gurbin makilin ba. Game da zaƙi kuwa, ta ce yawan lokutan sha ya fi yawan abin da aka sha illa. Duk sanda sukari ya shiga baki, asid kan yi kusan rabin awa yana aiki kafin yawu ya kashe kaifinsa. Yaron da ya shanye alawarsa gaba ɗaya bayan cin abinci ya fi wanda ke tsotsar alawa ɗaya-ɗaya daga safe har la'asar kwanciyar hankali.

Ƙanwata da ta ji labari ta kai ɗanta mai shekara 9. A turame 2 an samu tabo ruwan ƙasa a cikin tsagar amma ɓawon bai fashe ba, aka liƙe su, don irin wannan in an rufe shi da kyau ƙwayoyin cutar kan rasa abinci, ɓarnar ta tsaya. Na uku lafiya lau, shi ma aka liƙe. Na huɗu kuwa ya riga ya hude, tsinin ƙarfe ya faɗa ciki, sai da aka yi allura aka kankare aka yi ciko, yaro na kuka uwa na kuka. Shekara 3 kacal da fitowar haƙorin. Autana kuma, da lokacinsa ya yi na kai shi, likitar ta duba ta ce tsagarsa a buɗe take, bakinsa kuma babu kogo ko ɗaya a na yarinta, don haka ba dole ba ne, a dai riƙa dubawa. Abban yara ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce yanzu ya yarda matar ba 'yar kasuwa ba ce.

Wani abin lura shi ne ba kowane wuri za a yi wa mutum tayin liƙin ba, don yawancin masu zuwa da ciwo suke zuwa, likita ma a kan mai ciwon hankalinsa yake. Sai uwa ta buɗe baki ta tambaya. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen haƙori, haka wasu asibitocin gwamnati da masu zaman kansu. A ce a duba turamen shekara 6, a tambaya ko suna buƙatar silant.

Da muka koma dubawa bayan wata 6, na roba 2 suna nan daram. Na ƙasa na dama gefensa ɗaya ya ɗan ɓalle, ta wanke ta sake shafa asid ta ƙara masa, cikin 'yan mintoci. Na gilas ayonoma ya zaizaye, saura kaɗan a can cikin tsagar, amma haƙorin tas yake babu tabo, kuma naman dasashin ya janye, don haka ta sa masa na roba irin na 'yan'uwansa. Ta rubuta a katinmu cewa a ci gaba da kawo ta dubawa, sannan in ta kai wajen shekara 12 wasu turame 4 za su fito a bayan waɗannan, su ma babu famfara, a kawo ta da zarar samansu ya gama bayyana.